Wa Ke Kawo Nasara a Ƙwallon Kwando?

 

Yau tambaya ɗaya ce. A ƙwallon kwando, mutum biyar ke shiga fili daga kowace ƙungiya. Wanne ne ya fi kawo nasara?

Da yawa za su ce dogo. Wato dogon nan da ke tsaye ƙarƙashin kwando. Suna da hujja. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, dogo ne. Shi ya ja Houston ta ci kofin NBA na Amurka a 1994, ta sake ci a 1995. Ya tare, ya jefa, ya hana abokan karawa sakat.

To amma ni, jama'a, ina tare da mai raba ƙwallo.

Ku leƙa filin makaranta da la'asar. Dogon yaro na can ƙarƙashin kwando, hannu sama, yana ta kira. In ba a miƙo masa ba, haka zai bushe a tsaye, tsawon ya tashi a banza. Mai rabawa ne ke ganin wanda aka bari shi kaɗai. Shi ke cewa a yi sauri, shi ke cewa a lafa.

Ko a Denver, da ta ci kofi a 2023, dogonsu Nikola Jokic ya fi ban tsoro ne saboda ya iya rabawa. Dogo ne, amma idonsa na kan kowa.

Ni dai na zaɓi mai rabawa. Ku fa? Mu kwana nan, sai wani jiƙon.