Wace Tudun Wada Kake Nufi? Sanya Kasuwancinka a Taswirar Google

Yau da matasan Kano ta Kudu nake magana, 'yan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa. Mai injin casar shinkafa, mai shagon taki, mai gyaran waya, mai sayar da kifin Tiga, ku matso kusa.

A da, in kana da shafin intanet, kundin adireshi kake kai shi a yi masa rajista, irin na Yahoo ko DMOZ. Na Yahoo an rufe shi a 2014, DMOZ kuma a 2017. Yanzu kundin da mutane suka fi dubawa shi ne Google Maps, kuma ƙofar shiga ita ce Google Business Profile. Kyauta ne. Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, ka turo kuɗin rajista, to ɗan damfara ne, kashe wayarka.

To amma shiga kundin ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne a same ka a inda kake.

Misali, ka rubuta adireshinka "Tudun Wada" kawai. Ɗan'uwa, wace Tudun Wada? Akwai ta Kaduna, akwai ta Zariya, akwai ta Jos, akwai ta cikin birnin Kano. Ɗan kasuwa ya taso da mota zai sayi buhun shinkafa hamsin, taswira ta kai shi wata unguwa daban. Ka ga ciniki ya tafi. Rubuta Tudun Wadan Ɗankadai, Jihar Kano. Haka ma Dadin Kowa ta Doguwa, akwai mai sunanta a Gombe.

Na biyu, yawancin garuruwanmu ba lambar gida, ba sunan layi. Sai ka tsaya a ƙofar shagon da wayarka, ka ɗora alamar daidai wurin. Ka ƙara da kwatance irin namu: kusa da tasha a Kwanar Ɗangora, ko bayan kasuwar Riruwai.

Na uku, Google zai nemi ka tabbatar kasuwancin naka ne. Wani lokaci ta saƙon waya, sau da yawa kuma ta bidiyo: ka nuna allon shago, da titi, da kayan aiki. Saboda haka fara yin allo, kuma sunan da ke kansa shi za ka rubuta, kada ka cusa masa wasu kalmomi, za su iya dakatar da kai.

Sannan lambar waya ɗaya, suna ɗaya, a Google, a Facebook, a WhatsApp Business. In kana da shafin intanet, sa shi a gurbinsa. Lokacin buɗewa ka faɗi gaskiya. In kana rufewa don sallar Juma'a, rubuta. Hotuna kuma na shagonka, ba na wani kanti a Dubai ba.

Kwastoman da ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa. Kada ka sayi yabo. Wanda ya yi ƙorafi, ba shi amsa cikin ladabi, don masu zuwa suna karantawa.

Yau ɗin nan, nemi sunan shagonka a taswira ka ga inda za ta kai ka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.