Me Ke Sa Jirgi Ya Tsaya a Kan Ruwa?

 

Yau mun zo muku da tambaya guda. Allura ƙanƙanuwa ce, amma in ta faɗa rijiya sai ta nutse. Jirgin ruwa kuwa ƙato ne, ga mutane, ga buhuna, amma yana tafiya a kan ruwa lafiya lau. Mene ne dalili? Waɗansu za su ce ai abu mai nauyi ne ke nutsewa. To, allura ta fi jirgi nauyi ne? A'a. Ashe akwai sauran magana.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka za mu yi gwajin da 'yan makaranta ke yi. Ga daro cike da ruwa. Ku matso kusa, kowa ya gani da idonsa.

Ga tsakuwa, mun jefa, ta nutse. Ga kara busasshe, mun jefa, ya tsaya a sama. Wannan kowa ya sani. Yanzu ga yumɓu, mun raba shi biyu daidai wa daida. Rabin farko mun dunƙule shi, mun saka a ruwa, ya tafi ƙasa. Rabi na biyu mun faɗaɗa shi, mun yi masa ciki kamar ɗan kasko, mun aza shi a hankali. Kun gani? Ya tsaya. Yumɓu ɗaya ne, nauyi ɗaya ne. Siffa kaɗai muka sake.

Ga abin da ya faru. Kome ya shiga ruwa, sai ya ture ruwan don ya sami wuri. Ruwan kuma ba ya yarda, sai ya riƙa tura abin nan sama. Duk wanda ya taɓa danna ƙwarya cikin rafi ya ji wannan ƙarfi a hannunsa. Dunƙulen yumɓu wuri kaɗan ya ci, ruwa kaɗan ya ture, don haka ruwan bai iya ɗaukarsa ba. Kaskon kuwa ya ture ruwa da yawa, sai ruwan ya tallafe shi.

Bari mu auna, don kada a ce zato muke yi. Ga babban kwano, mun cika shi da ruwa har baki, mun ajiye shi cikin daro wanda ba kome a ciki. Ga gwangwani, mun zuba masa 'yan tsakuwoyi, mun aza shi a kan ruwan kwanon. Ya tsaya, amma ruwa ya zuba cikin daro. To, mu kwashe ruwan da ya zuba, mu aza shi a kan ma'auni. Sa'an nan mu auna gwangwanin da tsakuwarsa. Kun ga nauyinsu ya zo ɗaya. In mun maimaita sau goma, muddin mun yi a hankali, haka za mu samu.

Wannan ita ce ƙa'idar, ku riƙe ta da kyau. Abin da ke tsaye a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. In ya shige duka amma ruwan da ya ture bai kai nauyinsa ba, sai ya nutse.

Wanda ya fara rubuta wannan ƙa'ida wani masani ne Bagirke, sunansa Arkimidis. Mutumin birnin Sirakus ne, a tsibirin Sisili. Ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Har yau da ƙa'idar nan maƙeran jirage ke aiki.

Ga lissafinta. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ƙarfe mai girman lita ɗaya kuwa ya kusa kilo 8. Shi ya sa allura ke nutsewa. Amma in maƙeri ya buga ƙarfen ya zama tasa, cikinta iska ce, sai ta ture ruwa mai yawa, ta tsaya. Jirgin ƙarfe babbar tasa ce kawai. Man gyaɗa kuma lita ɗayansa ba ta kai kilo ɗaya ba, shi ya sa yake tasowa a kan miya.

Ku ma kun daɗe kuna aiki da wannan sani. Mai sayen ƙwan zabi yakan sa shi a ruwa. Mai kyau ya kwanta a ƙasa, bara-gurbi ya taso, domin ƙwai in ya daɗe ruwan cikinsa na raguwa, iska ta maye wurin. Mata kuma in suna wanke hatsi, ƙaiƙayi ya taso su zubar, tsaba ta zauna. Masuntan Argungu suna hawa babban gora su bi kifi a ruwa mai zurfi. Gora ba nauyi gare shi ba, ga shi da girma, sai ya ɗauki ƙato.

Saura gwaji ɗaya. Ga ƙwai mai kyau cikin kofi, ya kwanta a ƙasa. Mun zuba gishiri, muna motsawa, muna ƙarawa. Ga shi nan yana tasowa. Gishiri ya ƙara wa ruwan nauyi, ruwa mai nauyi kuwa ya fi ƙarfin ɗauka. Saboda haka jirgi ya fi shigewa a kogi, inda ba gishiri, fiye da a teku.

To, yanzu mu koma ga gwangwaninmu, domin a nan maganar take. Muna ƙara masa tsakuwa ɗaya-ɗaya. Ku lura, kowace tsakuwa tana sa shi ya ƙara shigewa. Yanzu bakinsa ya kusa ruwa. Har yanzu yana tsaye, wanda bai sani ba sai ya ce lafiya. Mun ɗan girgiza daron. Shi ke nan, ruwa ya shiga, ya tafi ƙasa nan take. Bai yi sallama ba.

Jama'a, haka jirgin fito yake. Mutum mai kilo 60 in ya shiga, lalle jirgin ya ƙara ture ruwa lita 60, watau garwa uku da wani abu. Buhun masara mai kilo 100 ya fi garwa biyar. Babur da akuya da jariri a goye, duk ruwa yana lissafa su. Ruwan da ke tsatsowa ta tsagar katako shi ma kaya ne. Kogi ba ya ragi, ba ya jin magiya. Ranar kasuwa mukan ce wa mai fito, "Haba, Sarkin Jirgi, mutum ɗaya ne kawai, ka taimaka." Mutum ɗayan nan yana iya zama tsakuwar ƙarshe.

A watan Yuni na 2023 wani jirgi maƙil da 'yan biki ya kife cikin dare a kogin Kwara, wajen Patigi. Mutum fiye da 100 suka rasu, har da mata da yara. Allah ya ji ƙansu.

A Ingila ma masu jirage sun daɗe suna lodin da ya wuce kima, ma'aikata na halaka a teku. Wani ɗan majalisa, Samuel Filimsol, ya tsaya kai da fata, har aka yi doka a 1876. Aka ce kowane jirgin kaya a yi masa alama a jikinsa, don a ga iyakar inda ruwa zai kai. Har yau manyan jirage na ɗauke da ita.

Mu ma muna iya yin haka a mafitarmu, ba sai da kuɗi ba. Masu jirgi da dattawan gari su zauna su daidaita, a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi, ƙasa da baki sosai. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wane ne ya zo. Kafin ka shiga, duba gefen jirgin. In ka ga ruwa ya kusa baki, ka haƙura ka jira sawu na biyu. Wanda ya shiga ya zauna, kada ya miƙe, kada kuma a taru gefe ɗaya. A riƙa kwashe ruwan da ya shigo. Inda akwai rigar ruwa a sa, domin aikin gora take yi wa mutum. Rigakafi ya fi magani.

In kun koma gida, ku nemi gwangwani da tsakuwa, ku tara yara da matan gida, ku yi gwajin a gabansu. Ku bar ƙaramin cikinsu ya sa tsakuwar ƙarshe da hannunsa. Ba zai manta ba.

Allah ya kiyaye mu, ya fisshe mu lafiya. Amin.