Tutar Ƙasa da Yadda A Ke Kiyaye Ta

 Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne zancen tutar Nijeriya, da wankinta, da ajiyarta, da wanda ya kamata a ɗora wa nauyinta.

Dalilin ɗauko wannan magana kuwa a fili ya ke. Duk wanda ya zaga ofisoshin gundumomi da makarantu da ɗakunan shan magani a yau, ba zai rasa ganin tutar da ta koɗe ba, farinta ya koma ruwan ƙasa, bakinta ya zama tsumma, ta kwana ta wuni bisa sanda har wata da watanni, babu mai ɗaga kai ya dube ta. Talakan da ya zo da ƙara ko neman takarda, ita ya ke fara gani tun bai kai bakin ƙofa ba. In ya ga an wofintar da abin da ke rataye a idon kowa, ina zai sa ran a kula da takardarsa da za a jefa cikin akwati?

Mutanen ƙasar nan ba baƙin tuta ba ne. Bayan da aka fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba shugabanni tutoci, kamar su Malam Musa na Zazzau, da Ummarun Dallaje na Katsina, da Yakubu na Bauci, da Buba Yero na Gwambe, da Modibbo Adama. Wanda aka ba tuta an ba shi izni da amana ke nan. A zamanin Turawa kuma tutar Ingila ce a ke ɗagawa a gidan Gwamna da ofishin Razdan, a sauke ta da faɗuwar rana, ba a fashi.

Da mulkin kai ya matso, a 1959, sai aka yi shela kowa ya zano irin tutar da ya ga ta dace da Nijeriya. Zane sama da 2,000 aka aiko, aka zaɓi na wani saurayi mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, haifaffen Badun, wanda ke karatu a London a lokacin, aka ba shi fam 100. Zanensa na fari yana da jar rana a tsakiyar farin, amma masu zaɓe suka cire ta, suka bar kore da fari da kore. Koren yana nufin albarkar ƙasa da noma, farin kuwa salama da haɗin kai. Ran 1 ga Oktoba 1960, da tsakar dare, aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko, aka ɗaga wannan. Akinkunmi ya rasu a 2023. Ma'aikatan En'e sun yi shekara 16 suna aiki ƙarƙashin wannan tuta, har zuwa 1976 da aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi.

Tuta tana da ƙa'idar ɗinki. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, watau in faɗin ƙafa 3 ne, tsawon ƙafa 6. An raba ta uku daidai wa daida, babu kashin da ya fi wani. Tana kuma da doka tun 1960, wadda ta ce laifi ne mutum ya ɗaga tutar da ta lalace ko ta ɓaci. Cikin kundin dokokin tarayya na 2004 tarar Naira 100 ce, da Naira 10 ga kowace rana da aka ci gaba da laifin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma kunyar a ce ofishin hukuma ne ke taka dokar hukuma ta fi tarar nauyi. Tsarin mulki na 1999 kuma, a sashe na 24, ya lissafa girmama tuta cikin abubuwan da suka wajaba a kan kowane ɗan ƙasa.

Abokan gaban tuta a ƙasar Hausa huɗu ne: rana, da iska, da ƙura, da laima. Rana ita ke cin launi, kowane marini ya san haka. Iska ita ke kaɗa bakin da ke nesa da sanda har zare ya fara warwarewa, balle guguwar farkon damina. Ƙurar hunturu takan shige tsakanin zare, tana goga shi kamar yashi duk sa'ad da tutar ta motsa. Laima kuwa ita ke kawo fumfuna, baƙin ɗigon nan da ba ya fita ko an yi ta wanki. Maganin yawancin wannan guda ne, watau a ɗaga tuta da safe, a sauke ta da faɗuwar rana, in kuma hadari ya taso da iska a sauke ta tun bai iso ba. Tutar da ke kwana a ɗaka ta huta da raɓa da iskar dare. Ofishin da ke da hali ya ajiye biyu, in ɗaya tana wurin wanki ɗaya tana bisa sanda.

Ga yadda a ke wankin. Da fari a kakkaɓe ƙurar, mutum biyu na riƙe da ita don kada ta taɓa ƙasa. Sa'an nan a gwada rinin: a jiƙa ɗan farin ƙyalle, a danna shi a kusurwar koren. In ya ɗauko launi, to, rinin mai zuba ne, sai a yi wankin da hanzari, kada a bar ta a jiƙe ko kaɗan, gama koren zai malala cikin farin. A sami daro mai tsabta, da ruwan sanyi wanda ya kwanta, ba ruwan kududdufi ba, da sabulu marar kaifi kaɗan. Ita kaɗai za a sa, ba a haɗa ta da kayan kowa. A cuɗa a hankali da tafin hannu, a ɗauraye har kumfa ya ƙare sarai, domin sabulun da ya saura shi ke kama ƙura.

Akwai abubuwan da mai wanki ya saba yi wa riga waɗanda ba a yi wa tuta. Ba a sa mata ruwan zafi, ba a sa kanwa ko bilic, gama suna ƙone koren su raunana zare. Ba a sa mata bula, don farin tuta fari ne, ba shuɗi-shuɗi ba. Ba a sa sitaci, domin yana sandarar da ita ya hana ta kaɗawa, ga shi kuma abincin kyankyaso ne. Ba a buga ta bisa dutse, ba a kai ta mabuga, ba a murɗe ta. A matse ruwan tsakanin hannuwa, a shanya ta a miƙe bisa igiya mai tsabta, cikin inuwa inda iska ke ratsawa. Ba a shanya ta a ƙasa ko bisa danga. In za a yi guga, ta auduga tana jure zafi, amma ta nailan narkewa ta ke yi, sai a shimfiɗa farin ƙyalle a kanta, dutsen kuma ya zama mai ɗumi kawai. Mai dutsen gawayi ya yi hattara da tartsatsi.

Bayan wanki sai duba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka da zarar an ga zare ya fara fita a bakin tuta, a kai wa tela ya kalmashe ya ɗinke da zare mai launinta. Amma kada a yi ta yanke bakin ana ɗinkewa, har koren ƙarshe ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta, gama ta fita daga ƙa'ida ke nan. A duba igiya ita ma, da ƙarfen da ta ke bi ciki a kan sanda, domin tsatsa in ta kama farin tuta ba ta saki.

Wajen ajiya, sharaɗi na farko shi ne ta bushe ƙarau. A ninke ta, a naɗe cikin farin yadi wankakke, a sa a akwati mai murfi, a ɗora akwatin bisa benci nesa da bango saboda gara da ɓera. Da damina a riƙa buɗewa ana shan iska da ita. Ran da gwamnati ta yi umurnin makoki, kamar kwana 7 da aka yi a 2010 bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, a kan kai tuta ƙololuwa tukuna, sa'an nan a sassauto da ita zuwa tsakiyar sanda. Wadda ta tsufa har gyara ya gagara, ba a mai da ita tsumman goge tebur, ba a jefa ta juji. A keɓe wuri a ƙone ta cikin natsuwa, a binne tokar.

Duk wannan ba ya cin kuɗi. Abin da ya ke bukata shi ne mutum guda da aka san aikinsa ne, gama abin da aka bar wa kowa ba shi da mai shi. A zamanin En'e kayan ofis, har kujera da fitila, suna da littafi, kuma akwai wanda za a tambaya in sun ɓace. Haka ya kamata a yi wa tuta: a damƙa ta ga masinja ko mai gadi da sunansa, a rubuta ranar da aka saye ta da ranar da aka wanke ta, shugaban ofis kuwa ya ɗaga kai ya dube ta kowace safiya kafin ya shiga.

Da tsohuwar zuma a kan yi magani. Dattawan da suka taru a nan suna da 'ya'ya da jikoki a ofisoshin ƙananan hukumomi, kuma maganarsu tana da nauyi har yanzu. Roƙon da a ke yi gare su shi ne, duk wanda ya koma garinsu ya bi ta ofishin hakimi da makaranta, in ya ga tuta ta lalace ya kira mai kula da wurin gefe, ya nuna masa yadda a ke yi.