Jawabi a kan ciwon cinya da na'urar motsa jijiya

Dattawanmu, iyayenmu, da 'yan'uwa da suka dawo daga ci rani, barkanmu da taruwa.

Wasunmu na kuka da gefen cinya ta waje. Wurin ya yi zafi kamar an shafa barkono, ko a ji kamar tururuwa na bi, ko ya mutu a taɓa ba a ji. Sai a ce sanyi ne ko sammu, a tafi wajen sakiya da tsaga. Likitoci biyu, Bernhardt da Roth, sun bayyana wannan ciwo tun 1895. Wata siririyar jijiya ce da ke fitowa daga baya, ta bi ta matsematsi kusa da ƙashin ƙugu, ta sauka fatar cinya. In an matse ta, sai ta yi kuka. Aikinta ji ne kawai, shi ya sa ƙafa ba ta rasa ƙarfi.

Me ke matse ta? Ɗamarar kuɗi da guru da muke ɗaurewa tamau a hanya, matsattsen wando, teɓa, juna biyu. Ciwon sukari ma na taimaka masa.

Akwai wata 'yar na'ura mai aiki da pil, ana ce mata TENS. Ana manna faifanta a fata kusa da ciwon, ta aika ɗan kuran maras ƙarfi. Wannan tsikari shi ke tare wa saƙon zafi hanya, kamar yadda muke murza wurin da muka buge. Wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu. Amma mu gane: tana kwantar da zafi ne, ba ta ɗage abin da ya danne jijiyar.

Don haka mu fara da sassauta ɗamara da rage teɓa. Sau da yawa ciwon kan lafa cikin 'yan watanni. In ya ƙi, lokotoro zai duba, ko allura, ko na'urar, ko aiki.

Mai na'urar bugun zuciya kada ya sa ta. Mai ciki sai da izinin likita. Ba a manna ta a kan gyambo ko a maƙogwaro. Kada kowa ya kuskura ya gwada da wutar gida, kisa take. In kuwa ƙafa ta soma rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan wani ciwo ne dabam, a garzaya asibiti ranar.

Wanda ya ji, ya gaya wa na gida. Allah ya ba mu lafiya, amin.