Kafin ka sabunta, ka tabbatar akwai hanyar komawa



Kwanaki na sabunta manhajar wayata, da safe na tashi manhajar bankina ta ƙi buɗewa. Na yi ta neman yadda zan koma tsohuwar, babu hanya. Shi ne na ce bari yau mu yi magana a kan waɗanda kuskure irin wannan zai iya tsayar musu da banki gaba ɗaya: masu kula da manyan kwamfutocin da ake kira menfirem.

Irin waɗannan kwamfutoci na kamfanin IBM sun samo asali ne daga System/360 ta shekarar 1964, kuma har yau manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama suna dogara da su. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ita ce z/OS, duk shekara biyu ake fitar da sabuwar siga: 2.4 a 2019, 2.5 a 2021, 3.1 a 2023.

To, ya ake sabunta abin da ba a so ya tsaya? Ana haɗa tsarin kwamfuta da yawa, har zuwa 32, suna aiki tare a kan bayanai ɗaya. Sai a kashe ɗaya, a tashe shi da sabuwar siga, sauran suna ci gaba da aiki. Ke nan na ɗan lokaci tsohuwa da sabuwa za su zauna gida ɗaya, kamar kishiyoyi. Dokar IBM ita ce sigogi uku a jere ne kawai za su iya zama tare. Mai 2.4 ko 2.5 zai iya tafiya 3.1 kai tsaye. Mai 2.3 kuwa dole ya yada zango tukuna.

Ga abin da ya fi burge ni. Aikin farko a kan tsohuwar manhajar ake yin sa. Ana saka mata wasu faci ta hanyar SMP/E, domin ta iya karanta bayanan da sabuwar za ta taɓa. In ba a yi haka ba, ranar da ka koma baya, tsohuwar za ta tarar da abin da ba ta gane ba. Sannan sabuwar ana ɗora ta a wani faifai daban, tsohon faifan yana nan ba a taɓa shi ba. In abu ya lalace, sai a sake kunna kwamfutar daga tsohon.

Amma fa akwai tarko. Ku ɗauki Db2, manhajar rumbun bayanai ta IBM. In ka tashi daga siga ta 11 zuwa ta 12, kana fara aiki ne a mataki na 100, kuma za ka iya komawa. Ranar da ka kunna mataki na 500 don cin moriyar sababbin abubuwa, shi ke nan, ƙofar komawa 11 ta rufe. Shi ya sa gogaggu ba sa gaggawa, sai sun ga komai ya zauna daram.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko shafin intanet kake kula da shi, ka tambayi kanka: in wannan ya ƙi, ta ina zan koma, kuma na gwada hanyar kuwa?

Ku faɗa mini a ƙasa, sabuntawa ta taɓa yi muku tsiya? Sai mun haɗu a shiri na gaba.