Zafin Samuwar Alkan: Alli da Allo Sun Isa

Shugaban taro, shugabannin makarantu, malamai 'yan'uwana na Musawa da kewaye.

Na daɗe ina jin uzuri guda daga bakin abokan aiki: wai darasin zafin samuwar sinadarai ba ya koyuwa sai da na'urar auna zafin ƙonewa, mu kuwa ba mu da ita. Ban yarda da wannan uzuri ba. Tun 1958 Sidney Benson da Jerry Buss suka wallafa a Amurka wata hanya da ba ta bukatar komai sai alli da allo.

Kun san dokar Hess, ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Abin da Benson ya kawo shi ne a rarraba alkan gungu-gungu, kowane kabon tare da abin da ke maƙale da shi, kuma kowane gungu yana da kasonsa. Tamkar mai awon hatsi ne a kasuwar Funtua: in ya san nauyin kowane irin buhu, ya san nauyin lodin mota. Gungun CH3 yana ba da kusan −42 kilojul a kowane mol, CH2 kusan −21, CH kuwa kusan −8.

Mu ɗauki gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya a Malumfashi, wanda furofan ne da butan. Furofan yana da CH3 biyu da CH2 ɗaya, jimla −105. Awon ɗakin gwaji bai yi nisa da −105 ba. Butan yana da CH3 biyu da CH2 biyu, jimla −126, awo ma kusan −126 ya bayar.

Ga inda nake so ku tsaya. Butan da aisobutan duka C4H10 ne, kowannensu yana da ɗaurin C–C uku da ɗaurin C–H goma. Don haka matsakaicin ƙarfin ɗauri, wanda muka fi dogara da shi a aji, zai ba ɗalibi amsa ɗaya ga su biyun. Amsar nan kuskure ce. Aisobutan yana da CH3 uku da CH ɗaya, jimla −134, kuma abin da awo ya nuna ke nan. Ratar kilojul 8 ɗin nan ita ke gaya wa yaro cewa alkan mai reshe ya fi miƙaƙƙe daidaituwa, kuma da hannunsa ya gano hakan. Da −126 a hannunsa, sai ya haɗa da dokar Hess ya fitar da zafin ƙonewar butan, kusan kilojul 2,877 a mol, wato a giram 58.

Wasu za su ce hanyar tana tuntuɓe a sinadarai masu zobe. Benson da kansa ya tanadi gyaran wannan. Masu cewa kwamfuta ta maye gurbinta kuma, su faɗa mini wutar da za ta kunna ta a makarantunmu.

Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina ta sa wannan lissafi cikin bitar malamai, sassan kimistiri na jami'o'in Dutsin-Ma da Umaru Musa Yar'adua kuma su koyar da shi tun shekarar farko. Ku kuwa malamai, kada ku jira takarda daga sama. Ku rubuta lambobin nan uku a allo ranar Litinin, ku ba yara fentan su lissafa.