Bagaruwa, Maɗaci da Tsutsar Cikin Awaki: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa masu kiwo, ina yi mana barka da zagayowar wagga rana.

Mafi yawanmu nan Kebbe, jarinmu yana ɗaure ne a turke. Wadda ta ɗauki adashe, tunkiya take saye. Wadda ta karɓi rancen ƙungiya, rago take turkewa don Babbar Sallah. To, akwai ɓarawon da ke cin wanga jari ba mu ganinsa, shi ne tsutsar ciki.

Mafi muni cikinsu wata 'yar siririya ce, tsawonta bai wuce santimita 3 ba, tana manne a bangon ciki tana shan jini. Tsutsa 1,000 na iya shanye jinin da ya kai cokalin shayi 10 a rana ɗaya. Macen tana zuba ƙwai dubbai kullum, su fita cikin kashi. In ƙasa da danshi sai su ƙyanƙyashe, su hau ciyawa, dabba ta haɗiye su, cikin mako uku su ma su soma ƙwai. Shi ya sa damina ce lokacinta. Za ki ga akuya na ci amma tana ramewa, gashinta ya tashi, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, wani lokaci a wayi gari ta faɗi.

Maganin kanti irin su albendazol da ibamektin yana aiki, amma tsutsa ta soma sabawa da shi a ƙasashe da yawa, saboda yawan ba da shi barkatai da rage awo. Wannan ne ya sa masana sunka koma ga itatuwan da kakanninmu ke amfani da su.

Ku ɗauki bagaruwa. Baurin nan nata shi ne sinadarin da ake kira tanin, kuma da shi majema ke jeme fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda tun da can ake ƙetare hamada da ita har Turawa sunka sa mata suna fatar Maroko. An gano cewa abinci mai irin wanga bauri yana rage ƙwan da tsutsa ke zubawa, yana kuma hana wasu ƙananan kama ciki. Manoman Amurka da Faransa har shuka ciyawa mai bauri suke yi musamman don haka.

A nan gida ma an gwada. A shekarar 2003, masana a Zariya sun gwada gwandar daji da shuwaka a ɗakin bincike: gwandar daji ta rage ƙyanƙyashewar ƙwai, shuwaka kuwa duk da ɗacinta ba ta nuna wani ƙarfi ba. Ashe ba kowane ɗaci ne magani ba. A 2004 kuma, masana a Jami'ar Ibadan sun ba tumaki ruwan ɓawon maɗaci, ƙwan tsutsa ya ragu cikin kashinsu.

Ku lura da kalmar: ragewa. Itatuwan nan suna rage nauyin tsutsa, ba su share ta. Kuma bauri in ya yi yawa yana hana dabba cin abinci, ya hana abincin ya amfane ta. Don haka ga shawarata guda huɗu.

Na ɗaya, ki riƙa duba ido. Ja fatar idon ƙasa ki ga cikinta, kowane mako biyu a damina. In ja ce, madalla. In ta yi fari fat, jini ya ƙare. Wannan ba ta jiƙo ba ce, ta malamin dabbobi ce, yau ba gobe ba. A Afirka ta Kudu aka tsara wagga dabara, har da kati mai launi biyar mai suna FAMACHA.

Na biyu, 'ya'yan bagaruwa ɗan kaɗan a daka a gauraya da dusa, a ƙara da 'ya'yan gawo da harawa. Dabba mai ƙoshi ta fi jure tsutsa.

Na uku, a share turke kullum, a zuba abinci a komi ba a ƙasa ba, kuma kada a kai kiwo fadama da sassafe sai raɓa ta bushe.

Na huɗu, in an zo ba da maganin kanti, malami ya auna. Awon akuya daban da na tunkiya, kuma albendazol na da haɗari ga mai sabon ciki.

Roƙona ga shugabanni: a zaɓi mata biyu kowace unguwa su koyi duba ido kafin ruwan farko, a kuma ware wani abu daga asusu don sayen magani mai kyau tare. In abu ya gagare mu, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sannan mu hana sare bagaruwa da gawo da maɗaci, don kantin maganinmu ne.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya maimaita mana.